Yadda za ki gane sahihin kwas na gyaran farce

'Yar'uwa, kin tambayi wane kwas za ki shiga. Kafin ki biya kuɗi, ki tambayi masu kwas ɗin wace hukuma ce ta amince da takardar shaidarsu, sannan ki tuntuɓi hukumar da kanki.

Ni tsafta ce ta fi damuna. Dole su koya miki kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki, da gane farcen da ya kamu da cuta don kada ki taɓa shi. Man gel da ake shafa wa farce, wanda bai bushe ba, in yana yawan taɓa fata, yana jawo ƙaiƙayi da kumburi, wani lokacin fatar ta daina jure shi har abada.

Ki nemi inda za ki gwada aikin a kan farcen mutane, malama na tsaye a kanki.