Kada ka zuba wa ramin nan siminti tukuna

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: kun rufa wani sashe na tsakar gida da kwano kun mai da shi kicin, ramin da ruwan wanka da na wanke-wanke ke zuba a ciki ya koma cikin ɗaki, wari da kyankyasai sun hana ku sakat, kana son ka cike shi da siminti ka huta. Don Allah dakata. An yi haka a gidanmu na gado a Tudun Wada, kuma mun ji jiki.

Maginin da muka kira ya cike ramin da kankare, ya juyar da bututun wurin wanke-wanke waje. Ashe akwai wani tsohon bututu daga banɗakin mahaifiyarmu da ke shiga ramin ta ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya san da shi. Ruwa ya rasa hanya, sai ya riƙa jiƙa gindin bango a ɓoye. Bangon kuwa na ƙasa ne, shafen siminti ne kawai a fuskarsa, kamar yawancin tsofaffin gidajen cikin birni da Tudun Wada. Da ruwan Agusta ya haɗu da wannan danshi, shafen ya kumbura ya zube, sai da muka sake gina kusurwa guda. Har yau abin na yi mini ciwo, domin a ɗakin tsohuwar take kwana.

Saboda haka fara sanin abin da ke shiga ramin. Ka dama bula a bokiti, ka zuba a kowane banɗaki da wurin wanke-wanke ɗaya bayan ɗaya, wani ya tsaya yana kallon ramin. Ka duba ruwan rufi ma. In yana sauka nan, raba shi, ya bi kwata.

Irin wannan rami yakan kasance da lanƙwasar bututu a ƙasansa mai riƙe ruwa kamar inci 2, kuma ruwan nan shi ne ƙofar da ke tare iskar sokawe. Da hunturu, in an daɗe ba a zuba komai ba, yakan ƙafe. Zuba bokiti guda ka gani. In wari ya ɗauke, ka gano rabin matsalar. In ruwan bai zauna ba, lanƙwasar ta tsage, sai an canza.

Abin da ya dace a rufe ramin da shi shi ne murfi mai roba a baki wanda ake ɗaurewa da sukuru, bututai su shiga ta ƙarƙashinsa. Kada mai tayil ya binne shi, domin ranar da maiƙo da tsakin shinkafa suka toshe hanya, ta nan za a zura sanda.

Ga inda mutane suka fi yin kuskure. Can da ramin yake a buɗe a fili, shi ke ba bututai iska. Ka rufe shi ruf, ka toshe musu hanci. Ruwa in ya cika bututu yana gudu, yana jan iska a bayansa, in bai samu ba sai ya zuƙe ruwan da ke lanƙwasar sinki ko ta banɗaki. Wannan ƙarar ƙulu-ƙulu da ake ji bayan an kora masai, ita ce alamar. Daga nan warin ruɓaɓɓen ƙwai ya shigo ɗaki, kuma ba wari ne kawai ba, iska ce mai cutarwa in ta taru a rufaffen wuri.

Maganin shi ne bututun shan iska. Mu mun sa na roba mai inci 4 daga layin masai, ya bi jikin bango ta waje ya zarce kwano. In akwai taga kusa, bakinsa ya fi ta tsawo da kamar ƙafa 3. A ɗaura masa raga saboda sauro da ƙuda. Kada a bari ya ƙare a cikin silin, na ga gidan da aka yi haka a Sabon Gari, warin ya game ɗakuna duka. Kowane sinki kuma ya sami tasa lanƙwasar. Akwai ƙaramin bawul da ake sawa a ƙarƙashin sinki, mai barin iska ta shiga ba ta fita. Yana taimako, amma ba ya fitar da iskar sokawe, don haka bai maye gurbin dogon bututun ba.

Mai gyaran famfo za ka kira, ba magini ba, kuma ka tsaya a kansa. Kafin a mayar da tayil, a kora ruwa ko'ina lokaci guda, ka sa kunne. In ka gwada bular, faɗa mana bututu nawa ka samu.