Kafin ka ce zinariya ce, gwada ta

Ɗana, ka miƙo mini dutsen nan mai ruwan ɗorawa da ƙyalli, ka ce: "Maigida, yaya zan san ko zinariya ce, alhali babu na'ura a hannuna?" To saurara da kyau, domin a nan ne mutane da yawa suke asarar ƙarfinsu da dukiyarsu.

Launi shi ne shaidar da ta fi kowace rauni a wannan sana'a. Ɗan gaurayen wani abu kaɗan a cikin ma'adini ya isa ya canza masa kama. Ma'adinin da ake kira korandam guda ɗaya ne, amma in sinadarin kuromiyam ya shige shi sai ya zama jan yakutu, in kuwa ƙarfe da titaniyam ne sai ya fito shuɗi. Don haka ido ya fara, amma hannu ne zai yanke hukunci. Kuma kada ka gwada bayan dutse wanda rana da ruwa suka daɗe suna ci. Fasa shi, ka yi aiki da sabuwar fuska.

Fara da tauri. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma a 1812, daga talk, dutse mai laushi da ake yin hoda da shi, mai lamba 1 har daimon mai lamba 10, kowane na sama yana karce na ƙasa da shi. Ba sai ka mallaki goman ba. Farcenka yana wajen 2.5, wuƙa da gilashi wajen 5.5, kwaz kuma, dutsen nan mai kama da gilashi, 7. Zinariya ba ta wuce 3 ba, shi ya sa bakin wuƙa ke shiga jikinta cikin sauƙi. Wannan na hannunka fa? Ga wuƙata, ja. Ka ga ta zame, ko alama babu. Taurinsa ya kai 6, kuma farayit ke nan, haɗin ƙarfe da farar wuta. Abu ɗaya nake so ka riƙe a nan: bayan ka karce, goge wurin da yatsa. Sau da yawa layin da kake gani garin wuƙar ne ya manne, ba rauni ba ne a jikin dutsen. In ya goge, ba a karce shi ba.

Sai zane. Samu ɓallen tangaram, ka goga dutsen a gefen da ba shi da santsi. Launin garin da ya bari ya fi launin jikinsa gaskiya nesa ba kusa ba. Zinariya tana barin rawaya. Naka ya bar baƙi mai ratsin kore. Hematayit kuwa, wani dutsen ƙarfe, ko da jikinta baƙi ƙirin ne yana walƙiya, garinta ja ne kamar tsatsa.

Yanzu ɗauki guduma ka ɗan buga gefensa. Ya farfashe ya zama gari. Zinariya ba ta haka, lanƙwashewa take ta baje. Duba yadda dutse ke tsagewa ma: maika, ma'adinin nan mai ƙyalli, tana ɓarewa falle-falle, galina, wato dutsen dalma, tana rabuwa gida-gida masu kusurwa huɗu, kwaz kuwa ba shi da hanyar tsagewa, yana fashewa ne da lanƙwasa irin ta gilashi.

Nauyi ne gwajin da na fi amincewa da shi, kuma shi ne wanda hannu ke daɗewa kafin ya koya. Zinariya tsantsa ta ninka ruwa mai girmanta sau 19.3, farayit wajen sau 5, kuza wajen 7, kwaz 2.65. In kana son lissafi, auna dutsen a sarari, ka rataye shi da zare ka sake aunawa cikin ruwa, sannan ka raba nauyin farko da bambancin da ke tsakaninsu.

Maganaɗisu zai nuna maka magnetayit, dutsen ƙarfen da ke manne masa, nan take. Ɗigon asid mai rauni kuma yana sa kalsayit, ma'adinin farar ƙasa, kumfa, amma ka kiyaye idonka da shi. Kada ka saka wa dutse suna sai gwaji uku sun yi daidai a kansa. Kuma in ka haɗu da dutsen ado mai tsabta, kada wuƙa ko guduma ta kusance shi, kawo mini shi yadda yake.