Riƙon babban kare kafin ya samu gida: me ya kamata in sani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a birnin Manchester na ƙasar Ingila tare da maigidana da 'ya'yanmu biyu, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 11. Wata abokiyar aikina da take taimakawa a wata cibiyar ceton dabbobi ta roƙe ni in riƙe musu wani kare na 'yan makonni kafin a samu wanda zai ɗauke shi dindindin. Ƙaton kare ne ruwa-biyu, nauyinsa kilo 36, a titi aka tsince shi, kuma an ƙiyasta shekarunsa uku. A gidanmu na Zariya mun taɓa ajiye kare, amma na gadi ne, ban taɓa zama da kare a cikin ɗaki ba. Yara sun matsa mini in karɓa, ni kuwa gabana yana faɗuwa. Me ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Faɗuwar gaban nan taki tana da dalili, domin kuskuren da za a yi da ɗan kwikwiyo a yi dariya, idan aka yi shi da kare mai kilo 36 sai a kwana a asibiti. Abin da aka roƙe ki riƙo ne irin wanda muka sani a gida: ɗan riƙo yana ci yana kwana a wurinki, amma yana da masu shi. Karen na cibiyar ne, ita ce take yanke shawara a kan maganinsa da wanda za a ba shi. Manyan ƙungiyoyi irin su Dogs Trust da RSPCA da Battersea su ne suke ɗaukar kuɗin abinci da na likita na dabbar da suka bayar riƙo, don haka ki nemi wannan cibiya ta rubuta miki nata sharuɗɗan a takarda, har da inshora idan ya ji wa wani rauni, da lambar da za ki kira da tsakar dare, da alkawarin za su karɓe shi nan take idan zaman bai yiwu ba. Idan gidan haya kuke, sai kuma a nemi izinin wanda ya ba ku hayar.

Duk da cewa ba naki ba ne, doka ke za ta kama. Dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ta ɗora alhakin dabba a kan duk wanda take hannunsa, ko da na ɗan lokaci ne. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 kuwa ta ce laifi ne kare ya fi ƙarfin mai kula da shi har ya zama barazana ga mutane, kuma tun daga 2014 wannan ya haɗa da abin da ya faru a cikin gidanki, wato ko mai kawo wasiƙa ya ciza a bakin ƙofa, ke za a tuhuma. Akwai kuma wani abu da ya shafi ruwa-biyu kai tsaye. Jinsunan da aka haramta, irin su Pit Bull da XL Bully, da siffar jiki ake gane su, ba a duba takardar asali. Tun 31 ga Disamba 2023 aka hana sayar da XL Bully ko bayar da shi ga sabon gida a Ingila da Wales, kuma ma'aunin gane shi ya fara ne daga tsayin santimita 51 a kafaɗa ga namiji. Ki tambaye su ƙarara ko an duba shi ta wannan fuska.

Sai ki zo kan yara, wanda shi ne ya fi damuna. Karen da aka tsinta a titi tarihinsa ya ɓace tare da tsohon mai shi. Ƙaramar hukuma takan tsare shi kwana 7 ko mai shi zai bayyana, daga nan a miƙa shi ga cibiya. Ki tambaya ko an gwada halinsa da yara, da wasu karnuka, da kuma lokacin da yake cin abinci. Idan amsar ita ce ba a gwada ba, shawarata ki ba su haƙuri, ki ce su ba ki wanda aka san halinsa. Ɗanki mai shekara 6 fuskarsa kusa take da bakin wannan kare.

Idan kin gamsu kin karɓa, ki sani cewa karen da zai shigo gidanki ranar farko ba shi ne ainihin karen ba. Masu wannan aiki suna da wata magana: kwana uku na firgici, mako uku na koyon tsarin gida, wata uku kafin ya saki jiki. Lissafi ne na gogewa, kowane kare da nasa, amma yana hana mutum yin saurin hukunci. A kwanakin farko yana iya ƙin cin abinci, ko ya lafe a lungu, ko ya yi fitsari a kan kafet. Ki ware masa wuri ɗaya mai shiru da shimfiɗa da ruwa, ki tare shi da ɗan ƙyauren nan da ake sawa a bakin matakala saboda jarirai. Wannan ƙyaure shi ne kuma zai raba shi da ɗakin da kuke salla da wurin da yara suke cin abinci. Kada a gayyato baƙi su zo kallonsa, kada yara su rungume shi, su tashe shi daga barci, ko su matso kusa da kwanonsa, kuma kada a bar su da shi ba babba ko na minti ɗaya.

Kare yana yin gargaɗi kafin ya yi cizo, mu ne ba ma kula. Za ki ga yana lashe leɓe ba abinci a gabansa, yana hamma ba barci yake ji ba, ya kawar da kai yana kallon gefe har farin idonsa ya bayyana, sannan jikinsa ya sandare, wutsiya ta tsaya cak. Gurnani yana zuwa ne a ƙarshe. A gida mun saba idan kare ya yi gurnani a daka masa tsawa ko a ɗauko sanda, to wannan yana koya masa ne ya daina gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Ki janye yaron, ki ba karen fili, ki sanar da cibiya a ranar.

Wajen fita yawo, ki sa masa ɗamarar ƙirji da igiya mai ƙwari, babba ne kaɗai zai riƙe, kuma kada a kwance shi a fili, domin karen da bai san gida ba idan ya razana ya ruga ba ya dawowa. Idan cibiya ta ce a sa masa takunkumi, a sa. Wajen abinci kuma ki tsaya a kan wanda suka ba ki. Ragowar tuwo da miya da muke zuba wa karnukanmu a gida ba su dace ba, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda, cakulan guba ne gare shi, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna fuskantar murɗewar tumbi, shi ya sa ake raba musu abinci sau biyu a rana, a kuma bar su su huta bayan ci. Idan kika ga cikinsa ya kumbura, yana yunƙurin amai ba abin da yake fita, yana kai-komo yana dalalar da miyau, ki kai shi asibitin dabbobi a wannan sa'a, kada ki jira gari ya waye.

Babban amfanin da za ki yi masa shi ne shaida. Ki ajiye ɗan littafi kina rubuta abin da kika gani: yadda yake yi idan an buga ƙofa, awa nawa yake iya zama shi kaɗai, ko yana jan igiya idan ya hango kyanwa. Da wannan ake zaɓa masa gida. Masu riƙo sukan ɓoye aibi don tausayi, sai a ba da karen ga gidan da bai dace ba, a dawo da shi ya fi da rikicewa. Su kuma yara, ki faɗa musu tun ranar farko cewa baƙo ne mai tafiya, kuma ranar da za a zo ɗaukarsa ki haɗa masa da bargon da yake kwana a kai, saboda warin da ya saba da shi yana rage masa firgici a sabon wuri.