Me ya sa hotunan gidajen shayi na Japan suke koɗewa?

Ka tambayi dalilin da ya sa kimonon (rigar gargajiyar Japan) matan da ke hoton gidan shayin da ka saya, irin wanda ake bugawa da allon katako, ya koma ruwan ƙasa. Rinin ne, malam. Tun daga 1765, lokacin da mai zane Harunobu ya yi fice da bugu mai launuka da yawa a Edo (Tokyo ta yau), ana sassaƙa allon katakon ceri daban ga kowane launi, a shafa rini da kunun shinkafa, a ɗora takarda a murza bayanta da hannu. A wancan zamanin jan daga wani fure da Japanawa ke kira benibana ake samunsa, shuɗin kuma daga wani fure da ko danshi ba ya jurewa. Shi ya sa shunayya, wadda haɗin su biyun ce, take saurin lalacewa ta koma ruwan ƙasa. Shuɗin Farusiya, wani rinin Turai mai ƙarko, sai wajen 1830 ya yaɗu, bayan rasuwar Utamaro, shahararren mai zanen hotunan matan gidajen shayi, a 1806.

Launin da ya tafi ba ya dawowa, don haka kada ka sa masa ruwa ko salatif. Ka sauke shi daga bango, ka shimfiɗa shi tsakanin takardu marasa asid a cikin akwati, inda ba rana ba danshi. Juya bayansa ma ka duba: bugun hannu yakan bar sawun murza, rinin kuma ya ɗan ratso takardar.