Tambaya da Amsa: Lambar 75 da ke Takardar Sakamakon SAT

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata ta zauna jarrabawar SAT don neman gurbin karatu a Amurka. Ta samu maki 1200, a gefe kuma an rubuta 75, wai matsayinta ne cikin ɗari. A saninmu, yaron da ya ci 75 a makaranta ya yi zarra. Ke nan ta haye, ko sai ta sake zama?
Wani uba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka, ta yi ƙoƙari. Sai dai 75 ɗin nan ba abin da ta ci ba ne. Makinta shi ne 1200, a jarrabawar da hukumar College Board ke aunawa daga 400 zuwa 1600: rabi na karatu da rubutun Turanci, rabi na lissafi, kowanne daga 200 zuwa 800. Ita lambar 75 tana nufin da za a jera yara ɗari cikin waɗanda suka zauna jarrabawar, kimanin 75 makinsu bai wuce nata ba, 25 na gabanta.

A gida ba mu saba da irin wannan awo ba, domin maki cikin 400 kawai muke gani a sakamakon JAMB. A 2024, kusan kashi 76 cikin ɗari na waɗanda suka zauna ta ba su kai 200 ba. Yana ci mini rai in ga uba yana yi wa ɗansa faɗa don ya samu 210, wai da ƙyar ya haura rabi, alhali yaron ya sha gaban uku cikin kowane huɗu na sa'o'insa.

Batun ko ta haye kuwa, SAT ba ta da makin ci ko faɗuwa. Jami'a ce ke yanke hukunci, kuma da masu neman gurbi a wurinta za ta gwada 'yarka. Jami'o'in Amurka kan wallafa lambobi biyu, na ƙasa da na sama, waɗanda makin rabin ɗaliban da suka ɗauka ya faɗa tsakaninsu. A jami'ar MIT, ta ƙasan ma ta haura 1500. A jami'o'in jihohi da dama kuwa, 1200 a tsakiya take zaune daram. Idan tallafin karatu kuke nema, to ku nufi lambar saman, don nan ake rububi.

Ni dai shawarata ta sake zama, in aljihu zai ɗauka, don da dala ake biya. Dalilina: yara sun fi cunkushewa a tsakiya, saboda haka ƙarin maki ɗari daga 1200 zai kai ta sama da matsayi na 80, a 1400 kuma ta haura 90. Ku duba ɓangarorin biyu, na Turanci da na lissafi, daban-daban, ta duƙufa kan wanda ta fi rauni, domin jami'o'i da yawa kan haɗa mafi kyawun makin kowane ɓangare daga zama daban-daban. A manhajar Bluebook, wadda da ita ake rubuta jarrabawar a kwamfuta, akwai jarrabawar gwaji kyauta, haka ma darussan shafin intanet na Khan Academy.

Kafin ku biya ko sisi, Alhaji, ta rubuto sunayen jami'o'in da take so, da lambobin nan biyu a gaban kowacce, ku tuntuɓi cibiyar EducationUSA ta ofishin jakadancin Amurka a Abuja su duba muku.