Ɗaya bisa huɗu, ko ɗaya cikin huɗu?

Wata malamar firamare ta aiko tana tambaya: wace ce Hausar ƙwarai, "ɗaya bisa huɗu" ko "kashi ɗaya cikin huɗu"? Ta ce kuma ɗalibanta sun kafe a kan cewa 1/8 ya fi 1/4 yawa, tunda takwas ta fi huɗu.

Malama, duka biyun ana faɗa, amma ba abu ɗaya suke nunawa ba. "Bisa" zaman rubutun kawai take bayyanawa, wato ga lamba a sama, ga layi, ga lamba a ƙasa. "Cikin" kuwa ita ke ɗauke da ma'anar. Da ni ne a gaban allo, da ita zan fara, domin yaron da ya ji "ɗaya cikin huɗu" ya riga ya hango abu guda an kasa shi gida huɗu, an ɗauki ɗaya. Ai daga "kasa" ɗin nan muka samo "kashi", kamar yadda "rabi" ya fito daga "raba".

To, lambar ƙasa ba ta ƙirga abin da ke hannunki. Aikinta ta faɗi gida nawa aka yi, daidai wa daida, kuma da haka take raɗa wa yankin suna. Duba kalmomin da muka aro daga Larabci: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Kowacce daga sunan lamba aka gina ta, 3, 4, 5, 6, 8 da 10. In kin ce "sulusi biyu", biyu ce ƙirga, sulusi kuma suna ne. Ina son wannan tsari ƙwarai, kuma yana damuna yadda "kwata" ke neman ture "rubu'i" daga bakin yara.

Su kuma masu gardamar takwas, ba su takarda su ninka sau biyu, su buɗe: gida huɗu. Su mayar, su ƙara ninki ɗaya, su buɗe: gida takwas, kowanne rabin na ɗazu. Takardar ba ta ƙaru ba, masu rabo ne suka yi yawa.

Dalilin ke nan ba a tara sulusi da rubu'i kai tsaye, sai an ba su suna ɗaya. A kasa abin gida 12, sulusi ya zama huɗu, rubu'i ya zama uku, jimla kashi bakwai cikin 12.