Tambaya da Amsa: Da gaske a kan ganyen shayi Amurka ta yaƙi Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a babbar sakandare. Malaminmu na tarihi ya ce harajin ganyen shayi ne ya haddasa yaƙin neman 'yancin Amurka. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya za a yi mutane su shafe shekara takwas suna kashe juna a kan shayi?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminku gaskiya ya faɗa, sai dai ya ɗauko zancen daga tsakiya. Ruwa ba ya tsami banza, don haka bari mu koma baya da shekara goma.

A 1763 Ingila ta gama Yaƙin Shekara Bakwai da Faransa. Ta yi nasara, amma bashi ya yi mata katutu. Majalisar dokoki ta Landan ta ce tunda an kashe kuɗi wajen kare yankuna 13 da take mulka a gaɓar gabashin Amurka, to mazaunansu ma su kawo nasu. A 1765 aka kafa dokar hatimi: jarida, takardar kotu, lasisi, har katin karta, duk sai an biya musu haraji. Mutanen suka yi ƙememe. Hujjarsu ita ce ba su da wakili ko guda a waccan majalisar, kuma kowane yanki yana da tasa majalisar da ta saba yanka masa haraji. Aka soke dokar a 1766, amma a wannan ranar majalisar ta sake zartar da wata, cewa tana da ikon yi musu doka a kan komai.

Ki lura da nan sosai, don shi ne abin da na fi so ɗalibai su riƙe. Harajin shayin peni uku ne kacal a kan kowace laba. Dokar shayi da majalisar Landan ta kafa a 1773 ma sauƙaƙa farashin ta yi, domin ta ba Kamfanin Gabashin Indiya, wani kamfanin kasuwanci na Ingila, damar kai shayinsa kai tsaye, har ya iya karya kasuwar 'yan fasa-ƙwaurin da ke shigo da na Holan. Mutanen Boston suka gane cewa duk wanda ya sayi shayin mai araha ya amince ke nan Landan tana da ikon tatsarsa ba da yardarsa ba. Daren 16 ga Disamba 1773 suka hau jiragen ruwa uku, suka farfasa akwati 342, suka zubar a teku.

Ingila ta fusata, ta rufe tashar jiragen Boston. Ran 19 ga Afrilu 1775 aka fara musayar wuta a Lexington da Concord. George Washington ya karɓi ragamar sojan yankunan, aka ayyana 'yanci ran 4 ga Yuli 1776. Nasarar da sojan yankunan suka samu a Saratoga a 1777 ce ta jawo Faransa ta shigo da sojoji da jiragen yaƙi, kuma a ganina ba don ita ba da wuya Janar Cornwallis na Ingila ya miƙa wuya a Yorktown a 1781. Aka sa hannu a kan sulhu a Faris a 1783.

Akwai wani ɓangare da ba ki tambaya ba, amma zuciyata ba za ta bar ni in tsallake shi ba. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a takardar 'yancin cewa an halicci dukkan mutane daidai, yana da ɗaruruwan bayi a gandunsa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna yankunan a lokacin bawa ne ɗan asalin Afirka. Wasunsu sun yi yaƙi a rundunar Washington da fatan samun 'yanci. Wasu kuwa suka bi Ingila, tun daga Nuwamba 1775 da Dunmore, gwamnan da Ingila ta naɗa a Virginia, ya yi shela cewa duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga rundunar sarki ya 'yantu. Ni dai ban ga laifin kowanne daga cikinsu ba. Wanda ke ɗaure, duk ƙofar da ya ga ta buɗe ita zai nufa.

Da yaƙin ya ƙare, jiragen Ingila suka kwashi kimanin 3,000 daga cikinsu daga New York zuwa Nova Scotia a Kanada ta yau. Can suka tarar da tsananin sanyi da wariya, filayen noman da aka yi musu alkawari kuma da yawa ba su samu ba. A 1792 kusan 1,200 suka sake hawa jirgi, suka ƙetare teku zuwa Saliyo, suka kafa garin Freetown.